Babi na Bakwai: Guangzhou, Tsakanin Ɗan Gari da Ɗan Ci-rani

A farkon watan Yuli na 2010, saura wata huɗu birnin Guangzhou ya karɓi baƙuncin gasar wasannin Asiya, wani ɗan majalisar ba da shawara ta birnin mai suna Ji Kekuang ya miƙa wa hukuma takarda. A ido, abin da ya nema bai taka kara ya karya ba. Cewa ya yi gidan talabijin na birnin ya rage shirye-shiryen da yake yi da Kantonanci, harshen mutanen garin, ya ƙara na Putonghua, wato daidaitaccen Sinancin da ake koyarwa a makaranta, domin baƙin da za su zo daga wasu larduna su ji abin da ake faɗa. Kafin nan majalisar ta nemi jin ta bakin jama'a ta intanet. Mutum wajen dubu 30 suka amsa, kuma kusan kashi 80 cikin ɗari suka ce a bar musu harshensu. Duk da haka aka miƙa shawarar.

Ranar Lahadi 25 ga watan, jama'a suka yi cincirindo a bakin tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Jiangnanxi. Yawancinsu samari ne da 'yan mata waɗanda aka haifa bayan mutuwar Mao, suna waƙe-waƙen Hong Kong, suna ɗaga murya da harshen da suka sha a nono. Mako ya zagayo aka sake taruwa a wani lambun shaƙatawa na tsakiyar gari, a wannan karon 'yan sanda suka kwashe wasu, a ranar kuma mutanen Hong Kong suka yi nasu tattakin na nuna goyon baya. Hukumomin birnin suka fito suka ce babu mai niyyar kashe Kantonanci. Har aka ruwaito sakataren jam'iyya na lardin Guangdong, Wang Yang, mutumin lardin Anhui, yana cewa shi kansa koyon harshen yake yi, to wa zai iya soke shi? Ƙura ta lafa, aka yi wasanni, baƙi suka watse. A ƙarshen 2011 gwamnatin lardin ta fitar da ƙa'idojin da suka fara aiki a watan Maris na 2012, waɗanda suka ce duk kafar da za ta yi shiri da harshen gida sai ta nemi izini.

Mai kallon ƙasar Sin daga nesa gani yake kamar mutum biliyan 1.4 ne masu kama ɗaya da baki ɗaya. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya taɓa sauka unguwar Xiaobei ko Sanyuanli don sarin kaya ya fi shi sani, ko da bai karanta littafi ɗaya a kan ƙasar ba, domin ya ji yadda mai shago ke magana da shi da wani harshe, ya juya ya yi wa tsohuwarsa magana da wani daban. Mutumin Beijing da bai koyi Kantonanci ba, in aka jefa shi kasuwar Guangzhou, kurma ne. Kalmomin sun bambanta, hawa da saukar murya sun bambanta. Rubutu ne ya ɗaure su wuri ɗaya tun zamanin da sarki Qin Shi Huang ya haɗe ƙasar a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa, ya daidaita haruffa. Kowa ya ga harafi ya san ma'anarsa, amma kowa da yadda yake furta shi. Ko lardin Guangdong ɗin ma ba baki ɗaya ba ne: akwai Hakka a tsaunukan arewa maso gabas, akwai mutanen Chaozhou da Shantou a gaɓar teku ta gabas, kowannensu da harshensa da abincinsa da alfaharinsa.

Sai dai a lissafin gwamnati duk waɗannan mutane 'yan ƙabilar Han ne, wadda ta kai kashi 91 cikin ɗari na al'ummar ƙasar. Saboda haka harsunansu ba sa cikin waɗanda doka ta amince da su a matsayin harsunan ƙananan ƙabilu. Ana ɗaukar su karin harshe ne kawai. Tsarin mulki na 1982 ya ɗora wa gwamnati yaɗa Putonghua a faɗin ƙasa, dokar harshe da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2001 kuma ta mai da shi harshen makaranta da ofis da rediyo. An yi nasara sosai. A wajajen shekarar 2000 kashi 53 cikin ɗari ne ke iya magana da shi. A 2020 sun haura kashi 80. Ban ga abin zargi a wannan buri ba. Ƙasa mai wannan girma tana buƙatar harshen da mai dafa shayi da likita da alƙali za su fahimci juna da shi. Tambayar da ta rage ita ce ko dole sai na gida ya mutu kafin na ƙasa ya rayu.

Mutanen kudu sun daɗe da sanin cewa suna nesa da fada. Jerin tsaunukan Nanling ya raba su da sauran ƙasar, kuma shekaru aru-aru sarakuna sun mai da yankin wurin jefa wanda ya yi laifi. Can aka tura malami Han Yu a shekara ta 819, can aka tura Su Shi a 1094, don su ɗanɗana zafi da zazzaɓi. Amma nisan da ya zama horo ga ɗan fada, ga ɗan gari dama ce. Fuskarsu na kallon teku. Larabawa da Farisawa sun yi ciniki a Guangzhou tun zamanin daular Tang, kuma masallacin Huaisheng da ke tsakiyar birnin yana cikin mafiya tsufa a ƙasar. Daga 1757 zuwa 1842, wannan birni kaɗai aka yarda Turawa su yi kasuwanci a cikinsa. Daga ƙauyukan yankin ne mutane suka bazu zuwa Kalifoniya da Singafo da Ostareliya, shi ya sa har kwanan baya Sinancin da ake ji a unguwannin Sinawa na ƙasashen waje galibi na kudu ne. Kuma daga nan masu tayar da ƙura suka riƙa fitowa: Hong Xiuquan na tawayen Taiping, Kang Youwei da Liang Qichao masu neman gyara, da Sun Yat-sen, wanda ake kira uban jamhuriya.

Fada ma ta san da wannan, kuma ta daɗe da maganinsa. Tun daulolin da, akwai ƙa'idar da ta hana a naɗa mutum ya mulki lardin da aka haife shi. Hikimar a fili take: baƙo ba shi da dangi da surukai da zai fifita, ba shi da jama'ar da zai jingina da ita in ya so ɗaga kai, idonsa na kan wanda ya aiko shi. Wannan tsohuwar dabara tana nan da ranta. Tun da aka kawo Li Changchun daga arewa a 1998 ya gaji Xie Fei, ba a sake samun ɗan Guangdong ya riƙe kujerar sakataren jam'iyya na lardin ba. Zhang Dejiang, Wang Yang, Hu Chunhua, Li Xi, Huang Kunming, duk daga wasu wurare aka turo su, kuma da dama daga cikinsu Guangdong matakala ce ta hawa kujerun ƙoli a Beijing.

An taɓa gwada wata hanya, kuma labarinta ya cancanci a tsaya a kansa, domin yadda aka binne ta ya bayyana abubuwa da yawa. Bayan faɗuwar daular Qing a 1912 da rikicin madugan yaƙi da ya biyo baya, wasu masu tunani suka ce a bar kowane lardi ya tsara mulkin kansa, daga baya a haɗu a yi tarayya. Lardin Hunan har ya fitar da nasa tsarin mulki a farkon 1922. Mao Zedong da kansa, yana saurayi a 1920, ya yi rubuce-rubuce yana kiran Hunan ta tsaya da ƙafafunta. A Guangdong, gwamna Chen Jiongming ya riƙe wannan aƙida da gaske. Ya ce mutanen Guangdong su mulki Guangdong, ya sa aka yi zaɓen hakiman gundumomi a 1921, ya yaƙi caca da shan ofiyom, ya ba ilimi ƙarfi. Sun Yat-sen kuwa so yake a ɗebi kuɗin lardin da sojojinsa a tafi arewa a haɗe ƙasa da bakin bindiga. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. A watan Yunin 1922 sojojin Chen suka buɗe wa fadar Sun wuta, Sun ya tsere cikin jirgin ruwan yaƙi. Ba a yi shekara ba aka fatattaki Chen daga birnin, ya ƙare rayuwarsa a Hong Kong a 1933. Jam'iyyar Kuomintang ta Sun da ta kwaminis, waɗanda suka yi shekaru suna kashe juna, sun haɗu a kan abu ɗaya: Chen maci amana ne. Daga lokacin, duk wanda ya ambaci tarayya ko 'yancin lardi, abin da kunnen Basine ke ji shi ne rarrabuwa, da madugan yaƙi, da Turawa da Japanawa na yanka ƙasa kamar nama. Wannan tsoro na gaske ne, kuma ba shugabanni kaɗai ke ɗauke da shi ba.

Kwaminisanci bai sassauta ba. Da aka zo rabon gonaki a farkon shekarun 1950, 'yan jam'iyya na gida a Guangdong suka bi a hankali, domin sun san cewa da yawa daga waɗanda ake kira masu ƙasa, gonar da kuɗin da ɗan'uwa ya aiko daga ƙetare aka saye ta. Beijing ta ce wannan son kai ne na yanki. A 1952 aka sauke Fang Fang, aka janye Ye Jianying, shugabannin jam'iyya 'yan asalin lardin, aka ba Tao Zhu mutumin Hunan wuƙa da nama, aka cika ofisoshi da jami'ai daga arewa waɗanda ba sa jin abin da talakawansu ke faɗa. A 1957 aka sake wani zagayen, ya ci Gu Dacun da Feng Baiju, mutanen da suka yi shekaru a daji suna yi wa jam'iyyar yaƙi. Dubban jami'ai 'yan gida suka rasa muƙamansu.

Abin mamaki, nisan nan da aka hukunta su a kansa, shi aka koma nema da ƙasa ta shiga matsi. A 1978 aka tura Xi Zhongxun, mahaifin shugaban ƙasar na yanzu, ya riƙe lardin. Ya tarar da ƙauyukan bakin iyaka sun zama kufai, matasa na iyo cikin dare zuwa Hong Kong, wasu teku na cinye su. Ya gane cewa ƙarin masu gadi ba zai tsayar da mai gudun talauci ba. A watan Afrilun 1979 ya roƙi Beijing ta sakar wa lardin mara ya yi gaba da saura. Amsar Deng Xiaoping ita ce gwamnatin tsakiya ba ta da kuɗin da za ta bayar, amma ta ba da izini, su je su sare wa kansu hanya. A 1980 aka kafa yankunan tattalin arziki na musamman a Shenzhen da Zhuhai da Shantou, da Xiamen a lardin Fujian. Masu masana'antun Hong Kong suka tsallako, suka tarar da mutanen da ke jin harshensu, wasu ma 'yan ƙauyensu ne, ciniki ya faɗa ba tare da tafinta ba. Tun 1989 babu lardin da ya kai Guangdong ƙarfin tattalin arziki.

Shekarun nan ne Kantonanci ya sha sharafinsa. Finafinai da waƙoƙin Hong Kong suka mamaye ƙasa, samarin arewa na kwaikwayon lafazin kudu don a ce su ma sun waye, mai neman aiki na sayen kaset yana koyo. Gwamnati da kanta ta bar tashoshin lardin su yi shiri da Kantonanci, saboda in ba haka ba kowa eriyarsa Hong Kong za ta kalla. Amma ba a bar igiyar ta yi tsawo da yawa ba. A 1991 aka ɗauke gwamna Ye Xuanping, ɗan Ye Jianying, wanda ya yi ƙarfi a gida, aka ba shi muƙamin girmamawa a Beijing. A 1993 mataimakin firaminista Zhu Rongji ya sauka Guangzhou da tawagarsa ya yi ta ja-in-ja da shugabannin lardin a kan sabon tsarin rabon haraji. Da tsarin ya fara aiki a 1994, kason gwamnatin tsakiya ya tashi daga kashi 22 cikin ɗari zuwa sama da 55. Kuɗi ya hau sama, amma nauyin makarantu da asibitoci ya zauna a wuyan ƙananan hukumomi. A riƙe wannan, domin shi ne tushen rabin matsalar da ke tafe.

Arzikin da ya ɗaga Kantonanci shi ne kuma ya jawo abin da ke shaƙe shi. Masana'anta na son hannu, hannayen kuwa daga Hunan da Sichuan da Guangxi da Hubei da Jiangxi suka zo, miliyoyi a kan miliyoyi. Gundumar da ta zama Shenzhen tana da mutum kimanin dubu 300 a 1979. Ƙidayar 2020 ta sami miliyan 17.5. Lardin gaba ɗaya ya kai miliyan 126, ya fi kowane lardi yawan jama'a. A ɗakin kwanan ma'aikata inda 'yan larduna biyar ke kwana, Putonghua ne kawai zai yi aiki. Shenzhen ta tashi birni mai magana da harshen arewa a tsakiyar ƙasar Kanton. A Guangzhou kuwa, yaro na wuni a makarantar da ake kwaɓarsa in ya yi harshen gida, ya dawo kakarsa ta yi masa magana da Kantonanci ya amsa da Putonghua. Lokacin da matasan nan suka fito a 2010, ana tsaka da rushe tsofaffin unguwanni don yi wa gari kwalliyar wasanni. Wanda ya ga an rushe layin da ya girma, sannan ya ji ana maganar taɓa harshen da ke talabijin, ba sai an gaya masa abin da ke tafiya ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Ina jin zafin ɗan garin nan har cikin raina. Amma in na tsaya a kansa na yi rabin adalci, domin a birnin akwai wanda kukansa ya fi nasa ɗaci, kuma sau da yawa ɗan garin ne ke karɓar kuɗin hayarsa.

A watan Janairun 1958 aka kafa dokar rajistar gida, wadda ake kira hukou. Kowane mutum an rubuta shi a wani wuri, a matsayin ɗan birni ko ɗan karkara, kuma gadonsa ake yi. A zamanin Mao takardar ce ke ba ka hatsi. In ka bar inda aka rubuta ka, babu abinci. Bayan gyare-gyaren Deng an bar mutane su tafi neman aiki, amma haƙƙinsu bai bi su ba. Makarantar gwamnati, rangwamen asibiti, gidan gwamnati mai sauƙi, tallafin tsufa, duk suna can ƙauyen da aka baro. Mai karatu da ya taɓa ganin yaron da aka haifa a gari, ya girma a gari, amma ranar neman gurbin karatu aka ce ya je ƙaramar hukumar kakansa ya karɓo takardar shaida, ya san ɗanɗanon abin, sai dai na Sin ya fi shiga kowane lungu na rayuwa. Ƙidayar 2020 ta nuna kusan kashi 64 cikin ɗari na Sinawa a birni suke zaune, amma masu rajistar birni kashi 45 ne. Tsakanin lambobin nan biyu akwai mutum sama da miliyan 250. Wani ƙiyasi na ƙungiyar mata ta ƙasa a 2013 ya ce yara miliyan 61 aka bari a ƙauye, uwa ko uba ko dukansu sun tafi ci-rani. Sau ɗaya a shekara, lokacin bikin sabuwar shekara, iyayen ke komawa. A farkon 2008, da dusar ƙanƙara ta tsayar da jiragen ƙasa, dubban ɗaruruwan mutane suka yi kwanaki a tsaye cikin ruwa da sanyi a harabar tashar Guangzhou, ba don komai ba sai don kada shekara ta wuce ba su ga 'ya'yansu ba.

A watan Maris na 2003 'yan sanda suka tare wani saurayi mai shekara 27 a titin Guangzhou. Sunansa Sun Zhigang, ɗan lardin Hubei, ya gama jami'a, yana aikin zane a wani kamfanin tufafi. Ba ya ɗauke da takardar izinin zama. Aka kai shi inda ake tsare marasa takarda kafin a mayar da su garuruwansu, bayan kwana uku ya mutu, binciken gawa ya nuna duka ne ya kashe shi. Jaridar Southern Metropolis Daily ta birnin ta buga labarin a watan Afrilu, ƙasa ta ɗauka. Wasu matasa uku masana shari'a suka rubuta wa majalisar dokokin ƙasa cewa tsarin tsarewar ya saɓa wa tsarin mulki. A watan Yuni gwamnatin firaminista Wen Jiabao ta soke shi. Nasara ce babba, kuma miliyoyin 'yan ci-rani sun daina gudu in sun hango ɗan sanda. Amma shekara ta zagayo aka kama editan jaridar, Cheng Yizhong, aka tsare shi watanni. Ɗaya daga cikin masanan uku, Xu Zhiyong, ya ci gaba da fafutukar 'ya'yan 'yan ci-rani su sami damar karatu a inda suke zaune. An ɗaure shi shekara 4 a 2014, an sake yanke masa 14 a 2023. Gwamnati na iya karɓar gyara, amma ba ta son a san cewa wani ne ya tilasta mata.

Wannan ya koya wa talaka yadda ake kuka a ƙasar. Ba a cewa tsarin ne ba shi da kyau. Cewa ake yi sarki adali ne, hakiminsa ne ya ci amana. A ƙauyen Wukan da ke gaɓar gabashin lardin, a 2011, mutane suka tashi a kan gonakin da shugabannin ƙauyen suka sayar ba da saninsu ba. Bayan ɗaya daga cikin wakilansu, Xue Jinbo, ya mutu a hannun 'yan sanda a watan Disamba, suka kori jami'ai gaba ɗaya suka toshe hanyoyi. Amma ƙyallayen da suka ɗaga na roƙon gwamnatin tsakiya ne ta cece su, suna jaddada cewa su masu biyayya ga jam'iyya ne. Wang Yang ya aika mataimakinsa aka sasanta, aka bar su suka yi zaɓe a watan Maris na 2012, jagoran boren Lin Zuluan ya zama shugaban ƙauye. Duniya ta yi ta yabo. Mafi yawan gonakin ba su dawo ba. A 2016, da Lin ya ce zai sake ɗaga maganar, aka kama shi da tuhumar cin hanci aka ɗaure shi, 'yan kwantar da tarzoma suka shiga ƙauyen. Matasan Jiangnanxi ma a kan wannan siraɗi suka taka: al'ada suka ce suna karewa, ba wanda ya furta kalmar 'yancin lardi. Abinci da wasan kwaikwayo da shayin safe, waɗannan gwamnati da kanta tana tallata su a matsayin gadon kudu. Abin da ba ta yarda ba shi ne son gida ya zama dalilin neman iko.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda masu kuka biyun nan ba sa jin juna. Wata biyu kafin zanga-zangar harshe, a Foshan da ke maƙwabtaka, matasan ma'aikata na wata masana'antar Honda suka yi yajin aiki har suka sami ƙarin albashi; ba a ga alamar cewa ɓangarorin biyu sun ɗauki kansu abokan tafiya ba. A watan Yunin 2011, a garin Xintang da ya yi suna wajen ɗinka wandon jins, 'yan sintirin unguwa suka ture wata mai talla 'yar Sichuan mai juna biyu. Dare uku 'yan ci-rani na ƙona motoci suna jifan ofisoshi. 'Yan sintirin 'yan gida ne, waɗanda ƙauyukan da suka yi arziki da kuɗin haya ke ɗauka su tsare musu baƙi. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Ɗan ci-rani bai taɓa ganin wanda ya rubuta dokar hukou ba. Wanda yake gani shi ne mai gidan haya da ɗan sintiri, masu zaginsa da harshen da ba ya ji. Ɗan gari kuma bai ga wanda ya tsara manhajar makaranta ba. Baƙon da ya cika masa bas yake gani.

Ba a zauna haka kawai ba. A 2014 gwamnati ta sanar da soke bambancin rajistar birni da ta karkara, daga 2019 kuma aka umarci biranen da ba su kai mutum miliyan 3 ba su buɗe ƙofa. Amma aikin yi yana manyan birane, su kuwa tsarin maki suke bi: digiri, shekarun biyan inshora, ƙwarewar sana'a, kowanne da makinsa. Injiniya ya shige cikin sauƙi, wadda ta shekara ashirin a kan keken ɗinki tana waje. Shenzhen na da taken da ke cewa duk wanda ya zo ya zama ɗan gari, amma a 2020 masu rajistar birnin wajen kashi ɗaya ne cikin uku. Dalilin turjiyar kuwa lissafi ne. Kowane baƙo da aka rubuta, kujerar aji ce da gadon asibiti da birnin zai biya daga aljihunsa, alhali kaso mafi tsoka na haraji ya wuce Beijing tun 1994. Ga kuma jarrabawar shiga jami'a, gaokao, wadda gurabenta lardi-lardi ake raba su. Duk uban da ke da rajista yana kallon ɗan baƙo a matsayin mai rage wa ɗansa rabo.

A unguwannin Kangle da Lujiang na gundumar Haizhu, cikin lungunan da rana ba ta shiga, dubban teloli ne, galibinsu 'yan Hubei, ke ɗinka rigunan da ake sayarwa a intanet washegari. Da safe masu ƙananan shaguna ke tsayawa a titi riƙe da samfurin riga, telan ya duba, a yi ciniki a kan kowace ɗaya, a biya shi da yamma. A watan Nuwamban 2022, da kullen korona ya hana su aiki da abinci, su ne suka fito suka ture shingayen da aka kewaye su da su, makonni kaɗan kafin a janye dokar kullen a ƙasa baki ɗaya. Yanzu unguwannin na cikin shirin rushewa da sake gini; diyya ta masu gidajen ce, 'yan asalin ƙauyen, telolin kuwa an nuna musu wasu garuruwa a bayan birni. Tun 2016 lardin Guangdong ya yarda ɗan baƙo ya zauna gaokao a inda yake karatu, ba sai ya koma lardin iyayensa ba, kuma dubban yara sun amfana. Sharaɗin shi ne uba ko uwa su nuna aiki tsayayye, da mazauni tsayayye, da takardar zama, da shaidar biyan inshora na shekara uku. Telan da ake biya a kan kowace riga ba shi da takardar ɗaukar aiki, ba mai biya masa inshora, saboda haka 'yarsa, in ta kai shekara goma sha huɗu ko sha biyar, Hubei ake mayar da ita wurin kakanni ta ƙarasa sakandare.